Askin Manaja

Mai aski ya yi shekara ashirin yana kallon ƙeyar mutane, har ya kai ga yarda cewa ƙeya ta fi fuska gaskiya, don ita ba ta san ana kallonta ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Akwai madubi mai tsagewa a kusurwa, da fanka mai juyawa idan ta ga dama, da kujera biyu. Ɗaya ce ke aiki. Ta biyun ƙafarta ta karye a shekarar da ya yi aure, ya jingina ta da bango ya ce zai gyara, yana nan yana shirin gyarawa har aka haifa masa 'ya, ta girma, ta mayar da kujerar ofishinta.

Daga kan kujerar nan take tsara layi. Shekararta shida, amma babu wanda ya isa ya tsallake wani a gabanta. Masu zuwa aski ne suka laƙaba mata Manaja, sunan ya bi ta har gida, har uwarta, wadda malamar makaranta ce mai son a kira abu da sunansa, ta gaji ta bi sahu.

Akwai wani tsohon direba da ke zuwa kullum, ko da yake sanƙo ya cinye masa kai tun kafin a haife ta.

"Kai kuma me za a aske maka?" in ji Manaja.

"Ranki ya daɗe, gemu na kawo."

"Jiya ma gemu ka ce. Fanka kake zuwa sha."

Tana shekara uku ta fara amai da safe, tana tafiya tana karkata kamar mai ɗauke da bokiti a hannu ɗaya. Aka yi ta maganin zazzaɓi, sai da wani likita ya sa a yi hoton kanta. Ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Mai aski ya tambaya ko girmansa ya kai me, likita ya ce kamar ƙwan tantabara. Mai aski ya gyaɗa kai kamar wannan ya warware wani abu.

Ranar tiyata ta farko wata ma'aikaciyar jinya, wadda kowa ke kira Sista, ta aske wa yarinyar rabin kai da reza, cikin sauri, har ta ɗan yanke ta a saman kunne. A cikin duk abin da ke faruwa a ranar, da takardun da mai aski ya sa wa hannu, da kalmomin da aka yi ta jero masa, wannan yankan ne kaɗai ya fahimta, saboda haka a kansa ya yi faɗa. Ya yi faɗa har sai da matarsa ta ja shi waje. Sista ba ta riƙe shi a zuci ba. Da aka zo tiyata ta biyu, ita da kanta ta ce masa, "Baban Manaja, ka riƙa yi mata a gida da kilifarka. Mu sai mu goge da magani kawai." Tun daga nan askin ya zama nasa.

Kuma an yi ta zuwa. Ƙarin ya sake tsirowa, aka sake cirewa. Aka sa mata siririn bututu a ƙarƙashin fata, mai zuƙe ruwa daga kai zuwa ciki. Bututun ya toshe, aka canza. Ya sake toshewa. A hankali abin ya koma kamar kai mota gareji: a kira su, su zo, a shiga da ita, a fito da ita, ta yi kwanaki tana barci da ƙorafi, su dawo gida. Akwai jaka a bayan ƙofar ɗakinsu da ba a taɓa kwance ta gaba ɗaya ba. Sun san bencin da ba ya girgiza a gaban ɗakin tiyata, sun san soket ɗin da ke cajin waya, sun san mai shara da ba ya son a gaishe shi kafin ya gama. A karo na farko 'yan uwa da maƙwabta sun cika asibitin har mai gadi ya yi magana. Zuwa na huɗu sai dai a tare shi a hanya a ce, "Au, an sake ne? Allah ya ƙara sauƙi." Bai ga laifinsu ba. Shi kansa ya lura cewa yanzu yana iya cin abinci yayin da take ciki, kuma ya daina jin kunyar hakan.

Askin kuwa yana da tsarinsa. Yakan ja ƙofar shago rabi, ya ɗora filo a kan kujerar da ke aiki, ya ɗaura mata ƙyalle a wuya, ya tsaya a bayanta ya ce, "Wane iri za a yi, ranki ya daɗe?" Ita kuma ta ɗaga haɓa ta ce, "Irin na manya." Sai ya kunna kilifa. Ya san kowane tabo a kan nan: dogon da ya taso daga ƙeya, da mai lanƙwasa kamar ƙugiya, da ɗan tudun bayan kunne inda bututun ya bi. Yakan bi gefensu a hankali, yana hure gashin da bakinsa don buroshi yana yi mata susa. Idan ya gama ya shafa mata hoda, ta duba madubi ta ce ba laifi, amma ya ƙara ƙoƙari.

Sai aka samu wani dogon lokaci babu kira. Wata ya bi wata, jakar bayan ƙofa ta yi ƙura, gashi ya fito, baƙi mai laushi, ya rufe tabban ɗaya bayan ɗaya. Manaja, wadda ba a taɓa yi wa kitso ba tun da ta yi wayo, ta fara tsayawa a ƙofar shago tana bin kawunan 'yan makaranta da kallo. Uwarta ta yi mata alkawari: ranar da gashin ya kamu a hannu, za a yi. Kowace safiya kafin ta tafi aiki sai ta kama ɗan tsinin gashin da yatsu biyu ta ja, ta ce saura kaɗan. Aka sayo ribom ruwan ɗorawa, Manaja ce ta zaɓa. Rannan uwar ta ja, ta sake ja, ta ce, "Ya kamu. Asabar za mu zauna."

A cikin makon ne kofi ya suɓuce daga hannun yarinyar sau biyu, ƙafarta ta hagu ta fara jan ƙasa. Aka kai ta aka yi hoto. Ranar Laraba da yamma aka kira daga asibiti, aka ce su zo gobe bayan azahar, su biyu, tare da yarinyar.

Mai aski ya kashe wayar ya ɗauko jaka ya kaɗe ƙurar.

"Ka bari mu ji abin da likita zai ce tukuna," in ji matarsa.

"Sun taɓa kiranmu don su gaishe mu? Bututun ne. Kin ga yadda take jan ƙafa."

"Ba su ce a hana ta abinci ba wannan karon."

"Mantawa suka yi. Idan ban yi askin ba, su za su yi da reza, kin san hannunsu."

"Ni dai na ce ka bari."

Da safe ta tafi makaranta, a kan za su haɗu a ƙofar asibiti. Shi kuwa mutum ne da ba ya son a jira shi. Ya hana yarinyar karin kumallo kamar yadda aka saba, ya riƙo hannunta zuwa shago, ya ja ƙofa rabi, ya ɗora filo. Tsohon direba yana zaune a benci.

Manaja ta tsaya a bakin ƙofa ta dafe kanta da hannu biyu.

"Mama ta ce Asabar."

"Na sani, uwata. Likita ne ya kira."

"To a yi aikin ta gefe, a bar sauran."

"Rabin kai? Ki zama kamar gonar da aka fara nome aka gudu? Zo ki zauna. Gashi ne fa, dawowa yake yi. Ba ki ga mutanen nan kullum suna dawowa ba? Da ba ya fitowa da tuni na rufe shago."

"Ni kaɗai nawa ya tafi bai yi sallama ba," in ji direba, yana shafa kansa.

Ta so ta yi dariya, ta fasa. Ta hau kujerar da kanta, ba ta yarda ya ɗaga ta ba. Ya ɗaura ƙyalle, ya tambaye ta wane iri za a yi. Ta runtse ido, hawaye na bin gefen hancinta, ba ta motsa kai ko sau ɗaya ba, don ta san ƙa'idar kujerar. Gashin ya yi ta zuba a kan ƙyallen. Tabban suka fito yadda ya bar su. Ya share ƙasa, ya kwashe a abin kwasar shara tare da gemun direba, ya sa mata hula.

A ƙofar asibiti matarsa na tsaye, da alli a hannun rigarta. Ta ɗaga gefen hular ta leƙa, ta mayar.

"Ka yi ke nan," ta ce.

Da suka shiga, Sista ta karɓi hannun Manaja ta ce ta zo ta taya ta ƙirga kwalaben magani, don an ce ta iya tsare ofis. Likita ya nuna musu kujeru, sannan ya tashi da kansa ya rufe ƙofa, abin da mai aski bai taɓa ganin ya yi ba. Ya juyo musu da hoton. Ya ce bututun lafiyarsa ƙalau. Ƙarin ne ya dawo, kuma wannan karon ya bi ta can ƙasa, wajen da ke riƙe da numfashi da bugun zuciya, inda wuƙa ba ta zuwa. Ya ce sun zauna shi da abokan aikinsa sun duba ta kowace hanya. Ba za su sake shiga ba. Za a ba ta maganin da zai hana ta jin ciwo, ta zauna a gida cikin 'yan uwanta.

Matarsa ce ta yi tambayar. Likita ya ce Allah ne masani, amma a abin da suke gani, wata biyu, ko uku, ko ƙasa da haka.

Mai aski ya dubi hoton, ya dubi likita.

"Amma na riga na yi mata aski, likita."

Likita ya sauke ido kan hoton.

"Kuma ba ta ci komai ba tun safe. Ko ruwa. A shirye take."

"Ku ba ta abinci," in ji likita a hankali. "Duk abin da take so."

Matarsa ta kifa fuska a kan jakar da ke cinyarta. Shi kuwa ya zauna yana lissafin da ba wanda ya sa shi. Sana'arsa ce: a wata guda gashi yana yin faɗin farce. A wata uku, gaɓar yatsa ɗaya da ɗan ƙari. Wanda ya kwashe da safe ya fi haka nesa ba kusa ba. Ya sake lissafawa ko zai fito daban.

Suka tarar da Manaja a kan teburin Sista, tana kaɗa ƙafa ɗaya, hular a hannunta don zafi. Ta dubi uwarta, ta dubi ubanta.

"Yau za a shiga da ni ko gobe?"

"An fasa," in ji uwar.

"An fasa duka? Ba allurar barci?"

"Babu."

Ta ɗaga hannu sama ta yi 'yar rawa a zaune, ta gaya wa Sista, ta gaya wa wata mata da ke wucewa da ƙoƙon fitsari. Sai hannunta ya sauka a kanta. Ta shafa daga goshi zuwa ƙeya, rawar ta tsaya.

"To Baba, me ya sa ka aske ni?"

Sista ta juya tana gyara kwalaben da ba su da abin gyara. Mai aski ya durƙusa har idonsa ya zo daidai da nata.

"Sauri na yi, uwata. Ban jira an ce in yi ba."

"Mama ta ce ka bari. Na ji ta."

"Ta faɗa."

"Yanzu sai yaushe zai kamu?"

Shi ne mutumin da ke duban kan kowa ya faɗa masa ranar da zai dawo. Ya buɗe baki, ya dubi matarsa. Ita ta kawar da kai wajen taga.

"Sai mun ɗan jira," ya ce.

Manaja ta yi ajiyar zuciya irin ta mai kula da ma'aikaci ɗaya tal, kuma shi ma ba ya jin magana.

"Kar ka ƙara yi mini aski sai likita ya ce."

"Ba zan ƙara ba."

"Yunwa nake ji."

Ya juya mata baya ta hau, don matakalar tana da tsawo kuma ƙafar ba ta yarda da gangara. Suna sauka ta kwantar da kanta a wuyansa, yana jin ɗumin fatar da santsinta da ƙamshin hodarsa. Aski ne mai kyau. Babu inda ya tsallake.