Irin Geron Goggona

Har yau idan warin hayaƙin kara ya kama mayafina, sai ɗakin girkin goggona a Kamarawa ya faɗo mini a rai, ranar da ta kife turmi ta taka, ta sauko da damin iri daga rufin ɗaki. Zangarniyun sun yi baƙi da hayaƙi, suna ƙanshin toka da tsohon hatsi. Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun aikin gona. Yarinya ce ni mai yawan shiru da rubuta waƙoƙi, wadda ta ɗauka duk mai hasken ƙwaƙwalwa haka zuciyarsa take da haske.

Akwai wani malami da duk sashenmu ke alfahari da shi. Idan yana bayanin yadda saiwar gero ke bin laima cikin rairayi, sai in manta da rubutu in yi ta saurare. Ba mugu ba ne, ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan. Bai taɓa ɗaga wa ɗalibi murya ba. Da ƙarancin ruwa ya jera mana damina bayan damina, sai ya fara bincike kan geron gargajiya mai saurin nuna. Ya ji ni 'yar ƙasar Isa ce, ya ce in raka shi ƙauyenmu Kamarawa neman iri. Shi namiji ne, iyakarsa zaure. Ni ce mai shiga cikin gida, kuma tsohon iri a hannun tsofaffin mata yake.

Goggo yayar mahaifina ce, mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki. Irin nata gadon uwarta ne, ɗan gajeren gero da kan nuna ko ruwa ya ɗauke da wuri. A waccan shekarar ko shi bai tsira sosai ba, rumbunta ya zama wayam, damin nan kaɗai ta hana kowa taɓawa. Na faɗa mata abin da malam ya faɗa mini, cewa zai shuka shi a gonar jami'a da ban ruwa cikin rani, ya ninka shi, ya dawo da shi kafin ruwan farko, kuma 'yan zangarniyu kawai muke so. Ta taka turmi ta sauko da damin. Sannan ta ce in ɗauke shi duka, don muddin yana gidan, wata rana yaro zai yi kukan yunwa ta sauko da shi ta daka. Ta ce gara ya zauna hannun masu ilimi, su yunwa ba ta shiga ɗakinsu. Ta kira ni 'yar boko, ta ce in gaya wa malamina geronta ba ya jin Turanci, ya lallashe shi da Gobiranci. Muka yi dariya. Na rantse mata ni da kaina za ni kawo mata shi.

Bazara ta shigo, hadari ya fara haɗuwa gabas. Goggo ta aiko saƙo ta bakin wani mai babur, ta sake aikowa. Na yi ta zarya ofishin malam. Kullum yakan tarbe ni da fara'a, ya ce geron nan abin mamaki ne, har an gayyace shi taro ƙasar waje a kansa. Da na tambayi irin, ya ce sai an gama aune-aune. Da na sake tambaya, ya amsa mini cikin ruwan sanyi cewa rabon iri aikin malaman gona ne, shi nasa bincike. Na so in ce masa ba malaman gona suka shiga ɗakin goggona ba. Amma sakamakona na hannunsa, kuma ina jin kunyarsa. Na ce to, na fito. Bayan 'yan kwanaki na tarar da ofishin a kulle, ya yi tafiya.

Ruwa ya sauka. Goggo ta roƙi iri wajen maƙwabta, abin da ta samu maiwa ce mai jinkirin nuna, ruwa kuwa ya ɗauke kafin ta yi ido. Da na je hutu na ga gonar tsaye da dogon kara babu ƙwaya. Na shirya jin faɗa, ban samu ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa, ta tambaye ni ko geronta ya ci jarrabawa. Na kasa ɗaga kai. Kafin wata damina ta raba jikokin ga dangi, ta koma wajen ɗiyarta can bayan Burkusuma, ƙetaren iyaka. Ba ta sake noma ba, can ta rasu. Allah Ya jiƙanta.

Malam ya zama farfesa, kuma ya cancanta. Ni ma yanzu ina koyarwa, na san yadda aiki ke cinye mutum har ya manta fuskokin da ke bayan bincikensa. Shi ya sa na gaji da jin ana yabon ƙwaƙwalwa ita kaɗai. Malaman jami'a, abin da kuke kira samfuri, a wani gida shi ne shukar baɗi. Ɗalibai 'yan ƙauye, ku ake sawa gaba don ku aka sani, kada ku ara wa kowa bakinku kan alkawarin da ba ku da ikon cikawa. Iyayenmu kuma, komai ilimin baƙo, ku ba shi kaɗan ku riƙe saura.

Na daɗe ina lallashin kaina cewa wataƙila irin bai yi albarka ba, kunya ta hana malam faɗa. Shekaru bayan haka na haɗu da wani tsohon ma'aikacin gonar jami'ar a wajen wani suna, hira ta kai mu ga geron. Ya ce ai ya tuna shi, ya yi kyau ƙwarai, an girbe shi tun kafin hadari ya fara haɗuwa. Da aka gama aunawa buhunan suka tare musu wuri a sito, ba wanda ya ce ga inda za a kai su, sai aka raba wa ma'aikata suka zuba wa kaji.