Takardu Uku a Tsagar Bango

Na yi sallama a zaure sau biyu, babu wanda ya amsa. Gidanmu gidan haya ne mai ɗaki tara a Abakpa, kuma tun da muka tare ban taɓa jin sa shiru ba. In babu rediyo akwai turmi, in babu turmi akwai mai faɗa da yaro. Ran nan azahar ta ɗan gota, na dawo daga cefane, sai na tarar da matan gidan duk a tsaye a tsakar gida, babu mai aikin komai. Umma tana bakin ƙofarmu, ɗankwali a karkace. Ina wuce zaure na ji an zura sakata a bayana.

Wanda ya zura ta ɗan Hajiya mai gidan ne, direba a tashar Kawo, mutumin da bai taɓa dawowa gida da rana ba. Yana riƙe da wasu takardu uku da aka ninke ƙanana. Leda ya sa a hannu don kada fatarsa ta taɓa su. Na gane su tun daga nesa, domin nawa ne.

Bari in faɗi aikina tukuna, tunda ranar ma sai da na faɗe shi sau huɗu kafin a saurara.

Da na gama sakandare karatu ya tsaya. Abin da nake da shi waya ce da hannun zane. Akwai wasanni a intanet da mutane daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa, kowa ya zaɓi wata halitta ya zama ita, su yi ta yaƙi da hira da ƙulla amana. Da yawa suna son zama dodo mai fuka-fuki da ke aman wuta, wanda su suke kira diragon, amma ba su iya zana shi ba, ba su kuma san halin da za su ba shi ba. Sai su turo min saƙo. In zana ƙaho da ɓawon jiki da launin ido, in rubuta yadda yake magana da abin da ke ɓata masa rai. A ƙasan zanen in ja jadawali mai gida tara, in sa lamba a kowane gida: ƙarfinsa, gudunsa, zafin wutarsa, wayonsa, da sauransu, daga ɗaya zuwa tara. Dokar wasan kuma ta ce dole kowane dodo ya zama yana da gurbi ɗaya a jikinsa da za a iya cin galabarsa. Nakan fara a takarda da biro, sai ya yi kyau in mayar cikin waya.

Zanen ba ya ba ni wahala. Halin ne matsala. Ni ban taɓa ganin dodo ba, mutane kawai na sani. Da wani ya nemi tsohuwar dodanniya mai gadin idon ruwa a cikin kogo, ban yi nisa wajen nema ba. Hajiya ce ke riƙe da makullin famfon gidanmu, a ƙulle a haɓar zaninta. Na rubuta sunanta a saman takardar don kada muryarta ta ɓace min ina cikin rubutu. Da na zo wajen gurbin rauni, na zagaye ƙafar hagu da jan biro, saboda ta daɗe tana ɗingisa ta.

Saura abu ɗaya. A duk gidan, wuri ɗaya ne waya ke samun sabis mai kyau, wato bencin da ke jikin bangon ɗakin Hajiya. Umma kuwa duk takardar da ta gani a ɗaki da ita take hura gawayi. Ta taɓa dafa shayi da dodanni biyu. Shi ya sa in na gama aiki nakan ninke takarda sosai in cusa a wata tsaga ta bangon, dab da ƙofar Hajiya.

Ƙafar Hajiya ta kumbura ta ƙi sauka. Wani a tasha ya ce wa ɗanta ya je ya bincika gida, ba a rasa asiri a binne. Ya zo ya bincika.

Ya ɗaga takardar sama ya juya ta kowa ya gani. Halitta mai ƙaho da fiƙa, sunan uwarsa a kanta, ƙafar hagu a zagaye da ja, hatimi mai gida tara a ƙasa, a ninke a cushe a bango. Da ba ni na zana ba, da ni ma na matsa baya.

"Ke, rubutun wa ye wannan?"

"Nawa ne, Yaya."

Ban san me ya sa ban yi ƙarya ba. Wata maƙwabciya ta saki salati mai ƙarfi, irin wanda ake ji daga titi. Dama kafin in dawo labari ya riga ya fita. A waje an fara dukan ƙofa, ina jin muryoyin samarin da ke zama wajen mai shayi, waɗanda kullum nake wucewa su ce 'yar boko an dawo. Yanzu cewa suke a fito da ita. Wani ya faɗi kalmar mayya, wani ya maimaita. Na san abin da taro ke yi in ya riƙe kalma irin wannan. Kowa a garin nan ya sani. Ledar cefanen tana hannuna har lokacin, ban tuna in ajiye ba. Na lura tumatir ɗaya ya fashe.

Na ce wasa ne. Na ce na intanet ne. Na ce wani mutum ne a wata ƙasa yake son ya zama dodanniya. Wannan bayanin na ƙarshe bai taimake ni ba.

Umma ta zo ta riƙe wuyan hannuna, riƙon da sai da ya bar shaida kwana biyu. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa Hajiya, wadda ke zaune kan tabarma ta miƙe ƙafar a kan matashi, "Hajiya, shekara shida muna gidanki. Kafin a buɗe ƙofar nan a kira Malam. In ya ce asiri ne, ni da kaina zan fitar da ita."

Har yau ban tambaye ta ko da gaske take ba.

Malam shi ne limamin masallacin layinmu, dattijo Bazamfare, wanda ake kai wa rabon gado da rikicin aure. Sai da aka daɗe kafin ya iso, domin ba ya sauri ko ana ruwa. Aka buɗe masa ƙofa daidai faɗin jikinsa aka mayar. A ɗan tsakanin nan na hango kawunan mutane, na hango wani da gora.

Ya zauna a kan bencin nan nawa, ya sa tabarau, ya karɓi takardun da hannunsa tsirara. Mata biyu suka ja da baya. Ya daɗe yana kallon zanen, ya juya shi, ya sake juyowa. Sannan ya sa yatsa a kan jadawalin yana motsa leɓe.

"Ɗiyata, wa ya koya miki hisabi?"

"Babu kowa, Malam."

"Alama ta nuna."

Ya kira ɗan Hajiya ya matso. Ya ce hatimi mai gida tara yana da ƙa'ida: duk layin da ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla guda zai ba ka. "Tara wagga." Ya tara, ashirin da biyu. "Wagga fa?" Goma sha ɗaya. Malam ya cire tabarau. "Ko aljanin da ya fi kowa zaman banza ba ya amsa wannan kira. Ba aya, ba harafi, ga tara har sau uku."

"To sunan Hajiya fa, Malam? Ƙafar fa?"

Malam ya juyo gare ni. Ya ga akwai rubutu a bayan takardar, ya ce idonsa ba ya son ƙananan boko, in tashi in karanta da ƙarfi, kada in tsallake komai.

Na gwammace a ce in sake bayanin intanet. Na karɓa, na karanta.

"Ba ta yarda da kowa ba. Tana barci da ido ɗaya a buɗe. Duk wanda ya zo ɗibar ruwa sai ta ƙirga masa, in ya ce biyu ya ɗiba ta ce uku. Ba ta mantuwa. Tana iya tuna wanda ya bar mata ƙofar kogo a buɗe shekara ɗari da ta wuce. In ta yi kyauta sai ta yi faɗa tukuna don kada a saba. In ɗan wani ya yi ciwo a kogon, ita ce ke kwana a zaune, da safe ta ce sauro ne ya hana ta barci."

Sai maƙwabciyar nan mai salati ta ce, a hankali, "Wallahi ranar Talata biyu na ɗiba." Wata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna motsi.

Hajiya Bakatsiniya ce, ba ta ɗaga murya in abin ya kai mata. Ta ce, "Ke ɗiyar nan. Waɗannan lambobin, mi ye su?"

Na ce halaye ne, kowanne da makinsa.

"Haƙuri nawa kika ba ni?"

"Ɗaya."

"Cikin nawa?"

"Tara."

"Wayo fa?"

"Tara."

Ta dubi ƙafarta. Malam ya tambaye ta yaushe ciwon ya fara, ta ce tun kafin azumin bara. Ya tambaye ni yaushe na yi zanen, na buɗe waya na nuna saƙon mutumin, mako uku da suka wuce. Ɗan Hajiya ya karɓi wayar ya duba da kansa. Ya cire ledar daga hannunsa, ya rasa inda zai sa ta, ya cusa a aljihu.

Malam ya ce hukuncinsa biyu ne. Na farko, wannan ba sihiri ba ne, gulma ce, an dai yi mata fuka-fuki. In durƙusa in nemi gafarar Hajiya. Zanen mai rai kuma magana ce ta daban, zai yi ta da mahaifiyata wata rana. Na biyu, gobe da safe a sa Hajiya a mota a kai ta asibiti a auna sukarinta, tunda ɗanta direba ne ba mai haƙar bango ba.

Na durƙusa. Hajiya ba ta ce ta yafe ba, ta ce in ɗauke tumatir ɗina daga kan tabarmarta.

Amma na waje ba su ji komai daga cikin wannan ba, dukan ƙofar bai tsaya ba. Malam ya miƙe, ya ɗauki takardun uku, ya ce wa ɗan Hajiya, "Kai ka tara su, kai za ka tsaya kusa da ni." Suka fita tare, Umma ta mayar da sakata. Ina jin muryar Malam sama-sama, ba na gane kalmomin. Wani ya yi gardama. Wani ya yi dariya, ban san irin wace dariya ba ce. Na zauna a ƙasa na jingina da bango ina kallon ƙofar, ina lissafin ko katangar bayan gida za ta hauru. Ba za ta hauru ba, akwai kwalabe a kanta.

Har yanzu in aka buga ƙofa da ƙarfi sai na tambayi wa ye kafin in buɗe. Samarin sun koma ce min 'yar boko, ina amsawa, amma na san muryar kowannensu ta ranar.

Ana kiran la'asar aka ƙwanƙwasa sau uku a hankali. Malam ne shi kaɗai, ya leƙo da kai bai shigo ba, domin salla na jiransa.

"Sun watse, ɗiyata. Na ce musu wanda duk ya taɓa ki ni ya taɓa. Babu abin da zai same ki."

Na ce na gode. Umma ta ce in tashi in yi alwala. Na ce to, amma sai da ta kama ni ta ɗaga.