Ranar da Kiran Ladan Ɗangiwa Ya Yanke

Shekara ashirin da bakwai Malam ya yi yana kiran sallah a masallacin unguwarmu a Kebbe. Ni ce matarsa, Mu'minatu, don haka ba zan kama sunansa na yanka ba. Mutanen gari Ladan Ɗangiwa suke ce masa. Manomi ne, gero da dawa, sai ɗan wake in damina ta yi kyau. Ladanci ba albashi gare shi ba, amma gara ka taɓa masa gona da ka taɓa masa wannan kiran. Ko suna muka je Dogon Daji sai ya hana ni sakat mu komo kafin la'asar, kai ka ce in ba shi rana ba za ta faɗi ba.

A wajen alwala ciwon ya fara, yau shekara huɗu. Ya ɗebi ruwa ya kai fuska, sai na ga buta ta kife, ya dafe kuncin dama ya sandare. Kafin in ajiye tsintsiya abin ya wuce. Ya ce mini kamar an soka masa allura mai wuta daga muƙamuƙi har ƙasan ido. Daga ranar abin ya samu wurin zama. Tauna ta tayar da shi, asuwaki ya tayar da shi, iskar babur, har bakin rawani in ya goge shi. Sau goma, sau ashirin a yini. Kowanne bai kai a karanta Fatiha ba, amma sai ya bar shi sharkaf da gumi.

Kowa ya ce haƙori ne. Na'iya wanzami ya zo da zabirarsa ya cire na tauna guda ɗaya. Kwana uku shiru, muna murna, ciwo ya komo. Ya cire na biyu. Wallahi na duba haƙorin nan a tafin hannuna, fari tas, ko ɗigon baƙi babu. Na ce wa Na'iya lafiyayye yake cirewa, ya ce ai tsutsar can ƙasa take ɓuya, mata ba su san wannan ba. Biyar ya cire, jama'a, biyar. A na shida na tsaya bakin zaure na ce in ya sake shigo mini da wannan zabirar, da muciya zan raka shi. Har yau ba ma ga maciji, kuma ban yi nadama ba.

Tuwo ya gagara. Kunu nake dama masa ruwa-ruwa, ya karkata kai ya sha ta gefen hagu. Ya rame har riga ta yi masa yawa. Liman ya ce ya riƙa taimama tunda ruwa na cutar da shi, ya yarda, amma kira bai bari ba. Ina tsakar gida ina jin sa ta lasifika, na san duk inda yake tsayawa ya haɗiye azaba. Har wata Laraba da azahar, ya kai "Hayya alas-salah" ya yanke. Duk unguwa aka ji nishinsa. Nasiruddeen, wani malamin firamare da ke sallah a sahun gaba, shi ya ƙarasa. Dattawa suka ce Malam ya huta, Nasiruddeen ya riƙe kafin ya samu sauƙi.

Sai a lokacin ya yarda da asibiti. Muka hau babur zuwa Tambuwal, ya naɗe fuska sai ido, kowane rami na hanya sai na ji ya ƙanƙame. Can suka leƙa bakinsa, suka tambayi wanda ya yi wannan aika-aika, suka tura mu Sakkwato. Likitar da muka gani mace ce, ta saurare shi har ya gama, ta taɓa gefen hancinsa da auduga, ya zabura.

Ta ce, "Baba, haƙoranka ba su yi laifin komai ba. Jijiya ce mai kai ji ga fuska, reshe uku gare ta: goshi, kunci, da muƙamuƙi. Galibi wata hanyar jini ke danne ta can ciki, sai ta riƙa harbawa kamar wayar wuta da ta kware."

Ta ba shi ƙwaya, a fara da kaɗan ana ƙarawa. Ta ce zai ji jiri da barci, in ƙuraje suka fito masa mu komo da gudu, kuma kada ya yanke sha kai tsaye ko ya ji garau. In ƙwaya ta ƙi, akwai aiki. Ta faɗa mana a fili cewa asalin maganin na masu farfaɗiya ne, amma shi ba farfaɗiya gare shi ba. A mota Malam ya ce wannan maganar ta tsaya tsakaninmu.

Cikin sati uku ya ci tuwo da miyar kuka, ya wanke fuska da ruwa. Na shiga ɗaki na yi kukan daɗi. Liman ya ce bayan Juma'a biyu ya koma bakin kiransa.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Magani ya kusa ƙarewa, ya tafi da kwalin shagon Jamaluddeen mai kemis a bakin kasuwa. Shi kuma uban sani ya ɗaga kwali a gaban mutane ya ce, af, ai wannan na farfaɗiya ne. Kafin magariba labari ya riga Malam isa gida. Ga shi mutanenmu sun ɗauka yawun mai farfaɗiya ɗauka ake yi. Aka ware masa buta a masallaci. Wani ya kawo shawarar a saya masa abin magana nasa shi kaɗai. Ranar ya shigo ya kwashe ƙwayoyin ya zuba a masai.

Na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Na tuna masa abin da likita ta ce, na tuna masa kunu, na tuna masa haƙora biyar. Ya bari na gama, ya ce, "Ke, gara su gan ni da ciwo da su gan ni da wanga suna."

Ya sanar a masallaci cewa ya bar maganin, ga shi kuma farfaɗiya ba ta kayar da shi ba. Aka mayar masa da butarsa cikin na jama'a. Ranar da liman ya yanka ta zo, la'asar ce. Na bar daka na tsaya. Kabbara ta fita lafiya lau, muryar nan da na sani. A shahada ta biyu ya yanke. Wannan karon ba wanda ya ce masa ya huta. Shi da kansa ya zaro makullin akwatin lasifika daga aljihu ya miƙa wa Nasiruddeen a gaban kowa.

Muka sake hawa babur, muka sake zuwa Sakkwato, aka sake farawa daga tushe, da ƙwaya fiye da ta da da jiri fiye da na da. Yanzu daga can nake sayo masa, in juye a gwangwanin madara in ƙona kwalin. Yana ci, yana zuwa gona da sanyin safiya, ciwon kan leƙo jefi-jefi. Shekara biyu ke nan ba wanda ya ce ya komo bakin kira, shi ma bai tambaya ba. Na gaji, wallahi na gaji, da hanya da ɓoyo da ganin sa zaune a zaure yana amsa kiran wani.

Watan jiya 'yarmu Khairat ta zo goyon ciki, ta sauka da hantsi, namiji. Mijinta na Tambuwal, don haka na naɗe jinjirin na kai wa Malam ya yi masa kira a kunne. Ya daɗe yana kallonsa. Ya sunkuya a kunnen dama ya fara a hankali, ni kuwa ina tsaye ina jiran inda zai yanke. Bai yanke ba. Ya ɗago ya tambaye ni ko ya kai ƙarshe, na ce ya kai. Mu biyu kaɗai muka ji wannan kiran, ni da jinjirin da bai san komai ba.