Mutumin da Ya Zo Neman Gafara

A gidanmu na Mbamba, idan an gama tuwon yamma, Dada ba ta barin a kashe wutar murhu. Kakata ce, mahaifiyar babana. Takan zauna a kan tabarma tana gasa mana gyaɗa a bakin garwashi, mu kuwa mu kewaye ta. Ni ce mai naci a cikin jikokinta. Tun kafin in fara ɓoye littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, ba na yarda labari ya ƙare ba a ɗaura aure ba. Ko na kura ne, sai na tambayi wanda ta aura.

Akwai labari ɗaya da ba ta buɗe shi da wasan da ta saba buɗe tatsuniya. Takan dubi wuta kawai ta ce, “An yi wani Buba.”

Buba saurayi ne kyakkyawa, ya tafi yaƙi ya dawo da ransa. Gari ya fito tarbarsa, mata suna guɗa. Amma tun da ya dawo ba ya barci. Idan tabarya ta faɗi a turmi sai ya zabura. Yana faɗa da kowa, har da tunkiyar da ta ratsa gabansa. Mutanen garin masu kunya ne, a wurinsu ba a tambayar namiji abin da ke cinsa, don haka suka ci gaba da yi masa kirari daga nesa.

Sai wata rana ya tashi da fara'a. Ya yi aski, ya sa fararen kaya. Ya ba ƙaninsa dokinsa, ya ba ƙanwarsa saniyarsa. Ya bi gida gida yana durƙusawa yana cewa a yafe masa. Kowa ya ce, “Mun yafe, Buba. Alhamdu lillahi, ya warke.” Uwarsa ta yanka kaza don murna. Da gari ya waye babu Buba a duniya, kuma ba ciwo ne ya ɗauke shi ba.

“Dada, budurwarsa fa?” na tambaya.

“Ke dai kullum budurwa,” ta ce. “Ita ma ta yafe masa. Har da dariyarta.”

“To me ya sa ya tafi, tun da ya warke?”

Ta turo mini gyaɗa, ta ce hayaƙi ya shiga idonta. Sai bayan rasuwarta babana ya gaya mini cewa Buba yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma yaƙin basasa ya je. Ita ce ƙanwar da aka ba saniya.

Na girma, na samu aiki a ofishin da ke kula da tsofaffin sojoji a Jimeta. Wata shekara aka tara mu horo kan yadda za mu gane wanda ke shirin kashe kansa. Likitar ƙwaƙwalwa ce ta koyar da mu. Ta ce mu kula da mutumin da ya daɗe cikin ƙunci, sai kwatsam ya natsu, ya fara rabar da kayansa yana sallamar mutane. Nan take na tuna Buba. Ta ce idan mun ga haka, mu tambaye shi kai tsaye, kada mu bar shi shi kaɗai, mu nemo wanda ya amince da shi, mu kai shi asibiti.

Malam Hamman, abokin aikina, ya ɗaga hannu. “Haba likita. In dubi dattijo sa'an ubana in ce masa kana son kashe kanka? Ai ni na sa masa a rai ke nan.”

“Tambaya ba ta sa wa mutum abin da babu a ransa,” ta ce. “Wanda yake da shi kuwa, yana jiran wanda zai iya ji bai gudu ba.”

Muka yi ta gwadawa da junanmu, muna jin nauyin kalmomin a baki. Wasu suna dariya don kunya.

Bayan wasu watanni Sajan Yohanna ya shigo ofis. Mutumin Jambutu ne, ya yi yaƙi a arewacin jihar nan, abokansa suka mutu a can. Duk mun san shi da masifa, tun daga bakin ƙofa ake jin muryarsa. Ranar kuwa ya zo cikin gogaggun kaya yana murmushi. Ya ba maigadi rediyonsa. Ya bi tebur tebur yana gaisuwa.

“'Yata,” ya ce mini, “na dame ku da yawa. Ki yafe ni.”

Har bakina ya buɗe zan ce na yafe, don haka aka koya mana tun muna yara. Sai na ja masa kujera.

“Baba, zauna. Kana tunanin kashe kanka ne?”

Murmushin ya ɓace.

“Wa ya gaya miki?”

“Babu kowa.”

“Ko matata ba ta sani ba,” ya ce a hankali.

Malam Hamman ne ya kira matar, shi ya tsayar da keke mai ƙafa uku. Muka sa Sajan a tsakiya har asibiti, yana kuka ba sauti.

Ba irin ƙarshen da nake so a littafi ba ne. Bai warke ba, bai kuma gode mini ba. Wani lokaci yana shan magani, wani lokaci ya ƙi, matarsa ta zo ta zauna gabana. Amma yanzu na gane Dada ba darasin jarumta take ba mu ba. Tana ta juya abin da ya faru ne a gaban yara, ko wani zai ga inda aka yi kuskure.

Sajan yana nan da rai. Idan na jiyo shi daga bakin ƙofa yana yi wa maigadi masifa, sai in ci gaba da aikina. Duk ranar da ya shigo shiru yana gaishe da kowa, ajiye komai nake yi.