Irin Tumatir a Bangon Basiratu

Matar wana Kailu, Basiratu, ba ta taɓa ganin abu ta ƙyale shi ba. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu a Tabla na gane mun auro tambaya. Me ya sa kaza kaza take yin farin ƙwai, me ya sa ruwan rijiyar gabas ya fi na yamma daɗi. Ni ƙanwar miji ce, ina da bakin tsokana, sai na sa mata suna Mai Bincike. Ko a jikinta.

Tana da 'yar garka a bayan ɗaki, kewaye da kara. Duk lokacin sanyi takan yafa irin tumatir a tsohuwar tasa, ya tsiro ta dasa, kuma duk shekara ciwo ɗaya ke cinye shi: ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, shukar ta tsugune, ba fure ba ɗa. Matan unguwa tuni suka haƙura suka koma sayen busasshe. Ita ko sai ta durƙusa tana juya ganye tana leƙen ƙananan fararen ƙwarin da ke ƙasansa, kamar mai duba kan yaro.

Wata shekara ta samo iri a kasuwar Baleyara, gauraye, mai sayarwar ma bai san asalinsa ba. Ciwo ya zo ya kwantar da garkar kakaf, sai gindi ɗaya tal da ya tsaya kore shar a tsakiyar marasa lafiya. Wallahi saboda shi har tuwo ta riƙa mantawa a wuta. Abin da ya hana ta sukuni shi ne ta san ko 'ya'yansa za su gado shi. Ta ce mahaifinta haka yake da hatsi, zangarniyar da ta jure ita yake ware wa iri. Ta hana kowa taɓa shukar. Na roƙi ƙwaya ɗaya don miya, ta ce in je in ci kuka. Na ji haushi ƙwarai.

Da 'ya'yan suka nuna luguf, ta matse su a bangon ɗakinta ta waje, wajen inuwa, yadda tsofaffi ke yi: irin ya manne a laka ya bushe, lokacin shuka a kankare. Ba ta gaya wa kowa ba, wai kada a sa masa ido.

To, kowa ya san kafin damina ake yaɓe. Ranar da ta tafi bikin suna Filinge, Kailu ya kwaɓa laka ya shafe bangon nan tas, don ta dawo ta yaba. Ta dawo ta tsaya tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce kawai, "Malam, irina ne ka rufe."

Wana ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce zai fasa yaɓen, ta ce ai ba ta san daidai wurin ba yanzu. Ni da nake mata dariya sai na ji tausayi ya kama ni, don na ga ta daina leƙa garkar.

Can cikin damina aka yi ruwa mai iska da ya daki bangon ya zubo da sabon yaɓen. Bayan 'yan kwanaki ta ƙwala mini kira. A gindin bango, cikin lakar da ta zube, ga 'yan tsiron tumatir. Ta kwashe su a fasasshiyar tukunya ta yi ta lallaɓa su har ruwa ya ɗauke. Sannan ta yi abin da na ce hauka ne: ta dasa su dab da shingen maƙwabciya, inda ciwon ya fi tsanani, wai in ba haka ba yaya za ta sani.

Ciwo ya zo. Wasu suka nannaɗe, amma mafi yawa suka tsaya suka yi 'ya'ya. Na farkon da ya nuna ta tsinke ta miƙa wa mijinta, ta ce a sa masa a miya. Kailu ya jujjuya shi a hannu, ya tashi ya zagaya bayan ɗaki. Muka bi shi. Ya ɗora shi a jikin bangon zai matse irin, ya waiwayo ya dube ta.

"Nan ya yi, ko in matsa sama?"