Farantin da Na Liƙa a Ƙofar Kango

Jama'a, na san halina, kuma duk wanda ya taɓa zama da ni a tashar Tasawa ya sani: in na ga awaki uku a hanya, kafin in kashe moto sun zama garke har da makiyayi. Don haka ba zan ji haushi ba in wani ya karanta wannan ya taɓe baki. Amma wallahi tallahi wannan guda ɗaya ban ƙara masa gishiri ba, ragewa ma na yi, domin ba irin labarin da mutum ke bayarwa don a yaba masa ba ne.

Shekarun baya ne, lokacin ina kabu-kabu, cikin tsakiyar damina, tafkunan gari sun cika sun batse. A lokacin ni ne mai rakiyar baƙi, ba don wani ya naɗa ni ba, bakina ne ya naɗa ni. Ko wane baƙo ya sauka, ni ke cewa na san Tasawa lungu-lungu, na san Mayahi kamar aljihuna, daga nan har Isawan babu rijiyar da ban leƙa ba. Abokan sana'a su yi ta dariya suna turo mini mutane.

Wata rana bayan la'asar suka turo mini wani mutum mai suna Lawali, ya zo daga Abijan da wata ƙatuwar kyamara rataye a wuya. Ɗaukar hoto ce sana'arsa, Hausarsa irin ta 'yan zango, rabinta Faransanci. Ya ce yana son ya ɗauke ni yini guda, ni da shi kawai, in zagaya da shi gari yana ɗaukar hotuna. Sai kuma ya sassauta murya ya gaya mini ainihin abin da ya kawo shi. Tsohonsa ɗan Tasawa ne, ya bar gari tun yana saurayi bai sake dawowa ba, yanzu ga shi kwance ba ya ko iya zama sai an tallafe shi, kuma abu ɗaya yake ta roƙo: kafin ya cika a nuna masa ƙofar gidan uwarsa. Sunan unguwa ya ɓace wa tsohon. Abin da ya riƙe shi ne gidan na kusa da tafki, akwai kurna a ƙofa, kuma a saman ƙofar zaure an liƙa faranti mai zanen kifi cikin laka, irin adon mutanen da.

To, nan fa. Ni ban taɓa ganin wannan gida ba. Da na ce ban sani ba amma mu tambayi tsofaffi, da shi ke nan, da yanzu ba na rubuta muku komai. Amma 'yan tasha sun kewaye mu suna saurare, har wani na cewa yau za a ga ƙarshen cika baki. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa yana cewa ai gidan mai farantin kifi, wa bai san shi ba, ni da na yi wasan ƙasa a gindin kurnar nan. Lawali ya riƙe hannuna da hannu biyu yana ta "Yaya, Allah ya biya ka." Tun daga nan ya kamata in ji kunya, amma sai ma na ƙara masa da cewa kakarsa ta sha ba ni fura.

Washegari, ana sallame sallar asuba na fita. Na san wani kango can gefen wani tafki da ba mai zama ciki, rufin ya rufta amma zauren na tsaye, ga kuma kurna kusa, don Tasawa ba a rasa kurna. Saura faranti. Mai ɗakina na da guda mai zanen kifi cikin jeren da ta gada wajen uwarta, na zare shi a hankali na cusa cikin tsohuwar rigata ta aikin gona mai yagaggen aljihu. Na kwaɓa laka a bakin tafki, na taka tubali, na liƙa shi tsaf a saman ƙofa, na bi shi da toka da busasshiyar ƙasa don ya yi kama da tsohon aiki. Ko sallama ban yi wa wurin ba, wa zan yi wa? Na ja da baya na duba, har na yaba wa kaina. Na koma gida na yi wanka, na jefa rigar bayan randa, na saka shadda.

Da safe Lawali ya ce mu fara da gidan, wai hasken safe ne ke fito da fuskar gini, na tsakar rana yana kashe hoto. Ni kuwa laka nake jira ta sha iska. Nan take na ƙirƙiro masa al'ada, na ce a garinmu baƙo ba ya dosar gidan kakanni sai ya fara gaida gari. Ya ce ashe, bai sani ba. Ni ma ban sani ba sai a ranar.

Haka muka yi ta yawo. Na kai shi wajen masu kilishi yana ɗaukar naman da aka shimfiɗa kamar zannuwa, na kai shi maƙera, na kai shi kasuwa inda amalanken shanu ke sauke kaya. Mutum ne mai ladabi, ba ya ɗaga kyamara sai ya gaida mutum ya nemi izini, in an ce a'a ya yi godiya ya wuce, in an yarda kuma ya juya ya nuna wa mai hoton fuskarsa. Yakan durƙusa cikin taɓo don kawai ya samu inuwar mata masu wanki a ruwa. Ni kuwa ina bayansa da lema ina tare masa rana, ina zuba tarihi. Wata rijiya na ce masa raƙumi ya taɓa faɗawa ya ɓullo a Korgom. Ya yi dariya, ya san wasa ne. Da ma a irin wannan na tsaya.

Rana ta take tsaka, mutane duk sun shige inuwa, dabara ta ƙare mini, sai na kai shi. Yana hango farantin ya ce in tsaya. Ya sauka, ya tuɓe takalmansa, babban mutum da gemunsa hawaye na zuba, ya matsa bakin zaure ya yi sallama sau uku. Ina shirin ce masa ai ba kowa, sai na ji an amsa.

Wata tsohuwa ce ta fito daga cikin zauren, 'yar gajeruwa, da baƙin zane ɗaure a ƙirji, kanta ba kallabi, furfura fat. Abin da idona ya fara kamawa ƙafafunta ne, domin zauren nan taɓo ne har idon sawu, da asuba na gani, amma nata a bushe suke ƙayau. Ta tsaya daidai ƙarƙashin farantin. Lawali kuwa ya ɗaga kyamara yana ta ɗauka, ƙyas, ƙyas, mutumin da tun safe ko mai tallan gyaɗa bai ɗauka ba sai da izini. Nan na gane bai gan ta ba.

Ba ta ko dube shi ba, ni ta duba.

"Kai ne mai ginin asuba?"

Na karkato lemar na kare fuskata da ita. Ni fa, wanda ko liman na huɗuba sai na danne harshena da haƙori.

"Ba nan aka haifi uban yaron nan ba," in ji ta, a hankali, ba faɗa. "Ka kai shi ƙetaren wancan tafkin, inda injin niƙa ke kuka. Faɗa masa."

Ta tsaya tana jira, kamar tsawon lokacin da mutum zai sha moɗa guda ta ruwa. Ga Lawali nan taku biyu gabana, in na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarsa. Ban taɓa ba. Abin da ke raina, ku ji fa, ba tsohon da ke kwance ba ne, 'yan tasha ne da dariyarsu. Ta ce "To," ta juya ta shige.

Ga inda ya fi ci mini rai, na so in tsallake amma na riga na rantse. Da Lawali ya juyo yana share ido ya tambaye ni a ina kakarsa ke zama, sai na ɗaga hannu na nuna masa gefen dama na ce nan take kaɗi da yamma.

Muka koma rumfar wani mai shayi. Ya zauna yana duba hotunan a bayan kyamara don ya zaɓi wanda zai aika wa ƙanwarsa da ke jinyar tsohon. Na ga yana danna gaba yana komawa baya. Can ya juyo mini da ita.

"Yaya, wannan kai ne?"

Ni ne. A bakin ƙofar zauren, daidai inda tsohuwar ta tsaya, ni ne tsaye cikin tsohuwar rigar nan mai yagaggen aljihu da na baro bayan randa, kaina a sunkuye, na miƙo hannuwa biyu gaba kamar ɗan lekol da malamin aji ke duba wa farce, laka har gwiwar hannu. Ya danna na gaba, ni ne. Na gaba, ni ne. Duk hoton da ya ɗauka a ƙofar nan ina ciki, alhali shi da kansa shaida ne ina bayansa riƙe da lema, cikin shadda. Tsohuwa kuwa babu ko inuwarta.

Ban san sanda na zame daga benci na durƙusa ba. Na kwashe komai na gaya masa, faranti, toka, al'adar ƙarya, furar ƙarya, har tsohuwar da abin da ta ce, mai shayi na ji da mutanen rumfa. Na so ya zage ni, wallahi na so ya kwaɗa mini kyamarar a ka. Bai yi ba. Cewa kawai ya yi:

"Da tsohona ya mutu yana kallon ƙofar wasu."

Sai ya miƙe ya ce mu tafi inda ta ce.

Muka zagaya ƙetaren tafkin muna bin kukan inji. Gidan an sake rabinsa da bulo, amma tsohon zauren na nan, kuma a saman ƙofa ga gurbin faranti zagaye, da ɗan ɓallin da ya rage a ciki, wutsiyar kifi ce. Kurnar an sare ta, kututturen ya zama wurin zama, wani dattijo ma na kai. Lawali ya gaishe shi ya faɗi sunan kakarsa, dattijon ya ce ikon Allah, ya shiga lissafo masa dangi har da waɗanda suka koma Gidan Amumune. Lokacin la'asar ta yi, haske ya kwanta a bangon gwanin kyau. Na ɗauko lema, Lawali ya ce in bar ta, in je can wajen moto in tsaya. Na je na tsaya.

Ya aika hoton ta waya. Ba a jima ba ƙanwar ta kira, ta ce tsohon ya sa a tallafe shi, ya ɗora yatsa a kan wutsiyar kifin ya ƙi ɗaukewa. Bai cika wata guda bayan haka ba Allah ya karɓi abinsa.

A ranar dai, kafin mu bar wurin, na tambayi dattijon ko wace ce ke zaune a kangon can. Ya ce tun kafin ya yi auren fari ba a kwana a wurin, sannan ya dube ni sama da ƙasa ya ce me na je yi can. Na juya na tada moto.

Kafin magariba na yi ta maza na koma in ɓamɓaro farantin mutane. Babu shi. Bangon sumul, tsohuwar ƙasa, ko alamar sabuwar laka babu. Na iso gida ina tsara ƙaryar da zan yi wa mai ɗakina, kun ji hali, sai ga faranti cikin jere a wanke tas yana ƙyalli. Ta ce wata 'yar tsohuwa mai baƙin zane ce ta yi sallama ta kawo shi gab da kiran azahar, ko ruwa ta ƙi tsayawa sha.

"Ta ce in gaya maka, Malam, in ka dawo ka wanke hannunka. Me ka taɓa?"

Na dubi hannuna, fes suke. Na wanke su duk da haka, sau nawa ban ƙirga ba.

Bayan 'yan watanni wani direba ya kawo mini ambulan daga Abijan, ba wasiƙa, ba gaisuwa, hoto ne guda ɗaya da aka wanke a takarda, ni a bakin ƙofar nan. Yana ƙasan akwatina har yau. Na so in ƙone shi na kasa. Nakan fito da shi jefi-jefi, kuma ba zan ce muku ga abin da ke faruwa ba, amma shekaru nawa ke nan, rigar ta koɗe, bangon ya koɗe, lakar hannuna ce kawai har yanzu take da duhun ɗanya.

Ban daina ban dariya ba, raƙumina na nan yana ɓullowa a Korgom. Amma ku da ke rakiyar baƙi, da ku masu kyamara a waya kuna shiga ko'ina, ku ji daga bakin wanda ya sha kunya: in mutum ya zo muku da abin da ya dame shi, kuma ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, a tambayi tsofaffi. Kuma kowane kango kuka tsaya a ƙofarsa, ku yi sallama. Ni dai ko hoton biki ake yi, za ku gan ni can ƙarshen layi, hannuwana a baya.