Sen Goman da Na Wanke

Na tafi Kuala Lumpur da niyyar yin wata biyu a wurin babban ɗana, wanda yake koyarwa a wata jami'a. Annoba ta rufe hanya, na shekara har da ɗoriya a bene na tara a unguwar Sentul. Ni ba na iya zama babu aikin yi. A makarantar mishan da na yi, kowace Asabar akan jera mu a duba farce da maɓalli da kan bel, wanda nasa bai yi ƙyalli ba ya sha bulala. Da wannan na tashi, da shi kuma na riƙe makarantar da na shugabanta. Saboda haka, da aka ce cutar tana iya bin hannu, sai na ɗora wa kaina aiki: duk tsabar kuɗin da ta shigo gidan ni zan wanke ta, da lemon tsami da gishiri da soson ƙarfe.

Damuwar gidan a lokacin guda ce. Jikata 'yar shekara tara tana ɗaukar darasi ta wayar mahaifiyarta, ta wannan wayar kuma masu sayen dambun naman da take yi suke kiran uwar. Da kira ya shigo sai darasi ya yanke, har malamar ta fara cewa an bar yarinyar a baya. Halin sayen wata wayar kuwa babu.

Wata rana surukata ta dawo daga kasuwar Chow Kit, a cikin canjin mai kifi ta ga wani tsohon kwabon Maleshiya na sen goma, ya yi baƙi da dauɗa. Maƙwabciyarta ta taɓa gaya mata cewa akwai na wata shekara da ba a buga da yawa ba, masu tara tsofaffin kuɗi suna sayensa da tsada. Ta duba shekarar, ita ce. Ta aika hotonsa ga wani dattijo Basine mai wannan sana'a, ya ce ta kawo in an buɗe shaguna, abin da ya ambata kuma zai sayi waya. Duk wannan sai daga baya na ji. Tsakanina da ita gaisuwa ce kawai, a durƙushe, kai a ƙasa, ba za ta iya buɗe baki ta ce wa uban mijinta kada ya taɓa abu ba. Sai ta sa shi a kofi ta ɗora a kan kabad, tana ganin hakan ya isa magana.

Ina duba ƙura na gan shi. Na yi kusan awa guda a kansa, har ya fi sabo haske, na mayar da shi ina mai gamsuwa da aikina. Da la'asar jikata ta tsaya a gabana, hannu a ƙugu.

"Angona, me ka yi wa kuɗin Umma?"

"Wanke shi na yi, amarya marar godiya."

"Kai, tsoho! Umma ta ce dattin shi ne kuɗin, lah!" Ta ƙare da lah ɗin nan da mutanen ƙasar suke liƙa wa magana.

Na sa ta maimaita sau biyu, ban gane ba. Da aka sassauta dokar fita na nace sai na je wurin dattijon da kaina. Muka sa takunkumi, ina gaba surukata tana baya. Dattijon ya ɗora gilashi a idonsa, ya juya kwabon.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne," na ce, ina jiran yabo.

Ya nuna mini zane-zanen da soson ya bari, sirara kamar gashi. Ya ce mai saye yana son ya ga abin yadda shekaru suka bar shi. Na ce masa wanda zai sayar da mota ai wanke ta yake yi. Ya yi dariya a bayan takunkumi, ya ce, "Haji, wannan ba mota ba ce." Abin da ya taya bai kai kuɗin cajar waya ba.

A jirgin ƙasa, har muka sauya a tashar Titiwangsa, ina ta shirya kalmomin ban haƙuri, na rasa yadda mutum kamata zai faɗa mata su ba tare da ya ƙara mata nauyi ba. Da muka isa gida na kira jikata, na miƙa mata wayata, na ce daga safe zuwa la'asar tata ce. Abokaina na Zariya suka koma jirana sai yamma.

Jim kaɗan yarinyar ta dawo daga kicin da saƙo.

"Umma ta ce Allah ya ƙara girma. Wai kuma, don Allah, baƙin kaskon nan na suya, kada a goge mata shi."

Na je na dubi kaskon. A idona, har gobe, yana bukatar soso. Na mayar da hannuwana baya na fito.